Itacen Maman Tagwaye

Kwanakin baya jikata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai an ce su zano shukar kuɓewa. Ta zo ta tsaya a kaina da fensir a hannu, ta ce, "Kaka, kuɓewa a cikin ƙasa take fitowa kamar dankali, ko a bishiya ake tsinko ta?" Na yi dariya har na ƙware, amma da ta fita sai dariyar ta koma mini ciki. Yarinyar ba ta da laifi. Gidan da aka haife ta, tun daga bakin ƙofa har bayan ɗaki siminti ne, ko kaza ba ta da wurin tono. Ruwa inji ne ke tura shi sama cikin tanki, kayan miya kuwa a leda suke shigowa. A ina za ta ga kuɓewa a tsaye? Ni da na yi samartakata da alli a hannu da taɓo a ƙafa, sai na wuni ranar nan ina tunanin wani ɗan lambu da mutanen cikinsa, waɗanda yau babu ko ɗayansu a raye sai ni.

A lokacin ina sabon malami, fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, aka turo ni wata firamare a Fagge. Zamanin ne da aka buɗe ƙofar makaranta ga ɗan kowa, yara suka cika aji har kan taga, wasu a benci wasu a ƙasa. Rufin kwano ne, in rana ta take sai ka ji kamar an kifa maka tukunya a ka, alli yana narkewa a yatsa saboda gumi. Ƙararrawarmu wani guntun ƙarfen reluwe ne da aka rataye a jikin darbejiya. Na kama ɗaki a gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba Alhaji, tsohon bafataken goro wanda ya ajiye tafiya, ya koma limancin ɗan masallacin ƙofar gidansa. Gidan yana can ƙarshen unguwa, inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari. Ba na bukatar agogo a gidan nan. Kiran salla shi ke tashina, in na idar in ji jiniyar jirgi daga tasha, sannan muryar mai koko da ƙosai. Ranar Lahadi kuwa ƙararrawar coci ce ke shigowa ta taga ina guga da dutsen gawayi, har na san wadda take fara kaɗawa da wadda take bin bayanta. Yanzu in na buɗe ido ƙarar janareta ce ke yi mini sallama, ita ce kuma ke raka ni barci.

A bayan gidan akwai wani fili dogo siriri na Baba Alhaji, da tsohuwar rijiya a tsakiyarsa. Ya ƙi gina shi, ya ƙi sayarwa. Yakan ce gida ba bayan gida kamar riga ce ba aljihu. Ranar da na tambaye shi ko zan ɗan yi shuka a wurin, sai ya ce, "Malam, je ka, amma akwai mai wuri. Ka yi mata sallama tukuna."

Mai wurin ita ce Maman Tagwaye. Inyamura ce, Kirista, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta har da karin magana. Bayan gidanta ya jingina da filin ta ɗaya gefen, akwai 'yar ƙofar langa-langa da take shigowa ta nan. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ba da jimawa da dawowarsu daga gudun yaƙin basasa ba, ya bar ta da 'yan mata tagwaye da keken ɗinki. Na same ta a duƙe tana cire ciyawa, zani ɗaure a ƙugu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi farin takalmina, ta ce, "Ticha, da wannan za ka yi noma?" Daga ranar har muka rabu Ticha take kirana, ni kuma ina ce mata Mama.

Muka raba wurin ba tare da an ja layi ba. Ɓangarena alayyafo ne da yakuwa da kuɓewa da tattasai, da zogale a jikin shinge. Nata kuwa shuwaka da ɗoɗɗoya da wani ganye mai yaɗo da suke kira ugu, wanda ta yi wa rumfa da kara. Lambu a garinmu ba ya son malalaci. Kafin in tafi makaranta sai na ja guga har kafaɗata ta yi tsami, in na dawo da la'asar in sake. Taki daga garken tumakin Baba Alhaji muke kwasowa, mu bar shi ya huce, don ɗanye yana ƙona shuka. Toka muke barbaɗa wa ganye saboda ƙwari. Gara kuwa ba ta barci, yau ka kafa kara gobe ka tarar ta yi masa riga da ƙasa. Ƙadangaru su tsinke tsiron tumatir tun yana ganye biyu, awakin unguwa kuma duk inda shinge ya yi rauni sun riga ka sani. Da damina ciyawa ta fi mu sauri, da bazara ƙasa ta tsage kamar faso. Amma akwai wani ƙamshi da busasshiyar ƙasa take yi in ruwan farko na guga ya sauka a kanta, wanda har yau ban sami turaren da ya kai shi ba. A bakin rijiyar nan nake duba littattafan yara, Mama tana ba ni labarin kasuwa, ita ta aiko mini da miyar ugu, ni in tsinko mata yakuwa. Ba mu taɓa zama mun yi maganar addini ba. In ta ji kiran salla ita ke cewa, "Ticha, ajiye gugan nan, ana kiranka."

A ƙuryar filin, kusa da ƙofarta, akwai wani itace da ba mu san irinsa ba. Ya ɗan fi mutum tsawo, ganyensa mai sheƙi, kullum kamar a gajiye. Ta ce sunansa ube, ɗan ƙasarsu ne, dangin atili amma 'ya'yansa sun fi girma. Iskar Kano ba tasa ba ce, ya saba da inda ruwa ke kwana yana zuba. Ta yi masa inuwa da ayaba, ta tara masa busasshen ganye a gindi, kuma shi ne farkon wanda take shayarwa kafin komai. Shekara da shekaru ko fure bai taɓa yi ba. Na taɓa ce mata, "Mama, wannan da gwanda kika sa a wurin ai da tuni kin gaji da sha." Ta ci gaba da zuba ruwanta.

Sai shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Gari ya ɗauki zafi irin na siyasa, motoci masu lasifika suna zagayawa, kowane bango da hoton wani, samari suna canza hula gwargwadon jam'iyya. A ɗakin malamai ma an daina hira sai gardama. A wannan shekarar ce itacen Mama ya yi fure. Ita ta kira ni da sassafe, ta nuna mini wasu 'yan ƙananan furanni a ƙarshen reshe. Ta ce, "Ticha, ka gani ko idona ne?" Na ce na gani. Ta yi ta zagaya shi tana magana da yarensu.

A wannan shekarar ce kuma bazara ta yi tsanani irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Famfon bakin titi ya fara da tari, daga baya ya yi shiru ɗungurungum. Rijiyoyin gidaje suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan takara ya turo tankar ruwa sau ɗaya, da makaɗa da lasifika, aka yi ta turereniya har aka fasa wa wata tsohuwa tulu, ya yi alkawarin famfo a ƙofar kowa in ya ci, ya tafi. Rijiyarmu ce kaɗai ta rage da ruwa a layin, don tana da zurfi. Baba Alhaji ya sa aka buɗe shinge. Ya ce, "Ba za a ce rijiya ta bayar guga ya hana a gidana ba." Tun asuba mata da yara suke layi, na Fagge da na Sabon Gari, bokiti bayan bokiti. Muka ƙara wa igiya tsawo, muka sake ƙarawa. Ruwan ya koma sai an jira ya taru, in an jawo rabin guga ne, rabinsa kuma laka.

Mu da kanmu muka haƙura da lambu. Alayyafo ya fara kwantawa, kuɓewa ta bi, rumfar ugu ta zama kara tsirara. Na ji zafi, amma ganye ne, in ruwa ya sauka a sake shukawa. Mama ma ta haƙura da ganyenta. Abu ɗaya ta riƙe: in ta ja rabonta, sai ta raba biyu, rabi ta shiga da shi gida, rabi ta juye wa itacen, wanda a lokacin furensa ya fara zama 'yan ƙananan 'ya'ya.

Wata rana da hantsi, ranar ba makaranta, layi ya yi tsawo, rana ta fara cizo. Wani magidanci mai facin keke a bakin titi, wanda matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, yana tsaye da garwa ya ga ta juye ruwa a gindin itacen. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku duba mini! Mai jego na gida ba ruwan wanka, ana shayar da itacen da ko akuya ba ta ci. To, haka ake yi a garinku?" Wannan kalma ta garinku ita ta fi komai nauyi, don kowa ya san shekarun da aka fito daga cikinsu, kuma siyasa ta sa bakin mutane ya yi kaifi. Wasu suka ce gaskiyarsa, wasu suka ce ai rabonta ne, ta yi yadda ta so da shi. Mama ta tsaya da bokiti a hannu. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Allah ya raya abin da aka samu." Ta shige gida ta ja ƙofa.

Daga ranar ba ta ƙara zuba masa ko ɗigo ba. Ganyen ya fara naɗewa, 'ya'yan suka fara zubowa ɗaya ɗaya. Na same ta wata la'asar tana tsince su daga ƙasa tana tarawa a gefen zani. Na ce, "Mama, ki bari in riƙa ba shi daga nawa. Ni tuzuru ne, wa zai ce mini wani abu?" Ta girgiza kai, ta ce, "Mutumin nan bai yi ƙarya ba, Ticha. Na san abin da ake nufi da yaro ba ruwa." Ta zauna a bakin rijiya, sannan ta ce, "Kafin tagwaye ina da ɗa namiji. A nan aka haife shi, Hausa ya fara ji kafin yarenmu. Da aka yi gudu muka tafi ƙauyen mijina, yunwar yaƙi ta ɗauke shi. Ba akwati, ba komai, a zanena na naɗe shi, aka sa shi a gindin wani ube a bayan gida. Da za mu dawo Kano na tsinci 'ya'yan itacen nan, na ƙunshe ƙwallayen a jiƙaƙƙen tsumma, ina yayyafa musu ruwa a cikin jirgi har muka iso. Duk cikin waɗanda na shuka wannan ne kaɗai ya tsira." Ta dubi itacen. "Kabarinsa ya yi mini nisa. Nan nake zuwa."

Na je na sami Baba Alhaji a zaure na kwashe labarin na gaya masa. Ya saurara yana jan carbi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya ji ƙan bayinsa."

Washegari da azahar na dawo daga makaranta, mutane sun taru a ƙofar masallaci kowa da 'yar butarsa, don a lokacin ruwan alwala ma daga gida kowa ke zuwa da abinsa. Baba Alhaji ya fito da tasa butar. Maimakon ya tsuguna a bakin kwata inda ya saba, sai ya zagaya ta lungu, yana dogara sanda, ya nufi bayan gida. Muka bi shi da kallo, wasunmu suka bi shi da ƙafa. Ya je gindin itacen Mama, ya tattara riga, ya tsuguna ya yi bisimilla ya fara alwala. Ruwan yana sauka daga hannunsa da gemunsa yana shiga ƙasa. Da ya gama ya ɗago ya dube mu, ya ce, "Ruwan nan in ya bar jikinku ya gama aikinsa. Kwata ba ta gode muku. Ga mai ƙishi nan, ba a rage wa kowa komai ba." Wani ya ce, "Baba, itacen matar nan ne fa." Ya ce, "Na sani. Ƙasar tawa ce, ruwan naka ne, itacen nata ne, ladan kuma na Mai shi ne ya raba yadda ya so."

Ni na fara tsugunawa bayansa, sannan wani tela, sannan sauran. Daga ranar alwalar masallacinmu ta koma bayan gida, sau biyar a yini. Ruwan buta ba shi da yawa, amma in na mutum goma sha ya haɗu, safe da rana da yamma, ƙasa tana sanin an zo. Matan gidaje da suka ji labari suka riƙa aiko da ruwan da aka wanke shinkafa ko gero, wanda ba sabulu a ciki. Mai facin keke ya yi kwanaki yana alwalarsa a bakin kwata shi kaɗai. Ban san wanda ya ba shi labarin yaron ba. Wata rana dai muka tarar an jera duwatsu masu faɗi a kewayen itacen don tsugunawa, aka ce shi ya ɗauko su a kan kekensa. Bai ba Mama haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba. Ranar da jaririnsa ya yi arba'in ita ta ɗinka masa 'yar riga.

Mama ba ta fitowa in muna alwala. Amma nakan hango 'yar ƙofar langa-langar a ɗan buɗe.

Ruwa ya sauka a makare, da iska da tsawa, yara suka fita tsirara suna ihu a titi. Itacen ya zubar da mafi yawan 'ya'yansa, amma waɗanda suka rage sun riƙe. Wajen lokacin da ake ta jefa ƙuri'a, masara sabuwa ta shigo kasuwa, 'ya'yan suka nuna, suka yi shuɗi mai duhu. Duka-duka ba su cika 'yar ƙwarya ba. Ta tsinke su, ta turbuɗa a toka mai zafi har suka yi laushi, ta gasa masara, ta sa tagwaye suka ɗauko tire har ƙofar masallaci bayan la'asar. Aka yayyanka don ya isa kowa. Baba Alhaji ya kai nasa baki, ya tauna, fuskarsa ta yamutse, don abu ne mai maiƙo da ɗan tsami, ba irin na harshenmu ba. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Maman Tagwaye, yanzu wannan ne muka yi wata da watanni muna yi wa alwala?" Aka fashe da dariya, ita ma ta yi har da riƙe ciki. Sannan ta ɗauki guda ɗaya da ta ware wa kanta, ta koma bayan gida. Da na zagaya ɗaukar guga na hango ta a tsaye a gindin itacen, ta ba ni baya, tana ci a hankali. Na juya na bar gugan a inda yake.

Farar hula suka karɓi mulki, aka yi murna, mu ma mun yi. Famfo ya zo wasu layukan, wasu har yau suna jira. Abin da ya zo wa kowa shi ne tsadar ƙasa. Duk wani lungu da ɗan fili sai ka wayi gari an kafa masa bulo, an yi shago. Baba Alhaji ya riƙe nasa har ya koma ga Mahaliccinsa. Bayan wasu shekaru gari ya yi ta rikicewa, a yi tarzoma a lafa a sake, mutanen da suke ɗebo ruwa a rijiya ɗaya suka fara kallon juna ta wutsiyar ido. Tagwaye sun yi aure a can kudu, suka matsa sai ta koma wurinsu. Ranar tafiyarta na raka ta tasha. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ticha, in ya yi 'ya'ya a ba yara. Kada a bari su ruɓe a ƙasa." Ba ta daɗe a can ba aka aiko mana da labarin rasuwarta. Yau in na tuna, ba lambun ne ya fi damuna ba. Maƙwabcin da muke katanga ɗaya da shi yanzu, shekara da shekaru, motarsa na sani, ban san abin da ya taɓa sa shi kuka ba.

Magada suka raba gado, filin ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa mai son jera shaguna. Ba wanda ya yi laifi, haƙƙinsu ne. A lokacin an mayar da ni wata makaranta, na yi aure na tashi daga gidan, amma ta nan nake bi da kekena. Wata safiya na tarar an cike rijiyar da ƙasa, wani mai saran itace yana kan aikinsa. Na jingine keke na tsaya. Itacen ya riga ya kwanta, yana daddatsa shi, gumi na zuba daga goshinsa. Ya ɗago ya ga ina kallo, ya ce, "Malam, ka san wannan wane irin itace ne? Na daɗe ina sara a garin nan, ban taɓa haɗuwa da irinsa ba. Ɗanye sharaf, sai ka ce a bakin kogi ya tashi. Wa yake ba shi ruwa haka?"

Na buɗe baki zan ba shi labari, sai na ga motar bulo ta riga ta tsaya a bakin lungu, direba yana danna oda a ba shi hanya.

Na ce, "Mutanen unguwa ne."

Ya ce, "Wace unguwa?"

Na duba gabas na duba yamma, ban ga fuskar da na sani ba. Na ja kekena na ba mota hanya.